Dala a aljihu, kuɗi a waya: tafiyata ta farko sari Gwanzu

Tun daga Wapa, kasuwar 'yan canji da ke Fagge a Kano, wahalar ta fara, ba wai sai da na sauka Chana ba. A watan Oktoban 2024 ne, biza ta fito, tikiti na hannu, saura sati biyu mu tashi, Alhaji maƙwabcin shagona wanda shi ne ya ja ni tafiyar, ya kira ni yace yaro tashi mu je Fagge ka sayi dalarka yau, kar ka tsaya jiran ta sauko. Lokacin dala tana wasa ne tsakanin dubu ɗaya da ɗari shida da wani abu zuwa dubu ɗaya da ɗari bakwai, ni kuma jakunkuna da takalman mata nake sayarwa, shekara shida ina saya a hannun masu kawowa, wannan ne karo na farko da zan je da ƙafata, don haka duk naira biyar da ta ƙaru a kan dala sai na ji ta a ƙirjina.

Da aka ƙirgo min kuɗin Alhaji bai bari na sa a aljihu ba. Karɓa yayi ya zauna yana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya. Yace 'yan ɗari ɗari kawai, kuma masu shuɗin zaren nan da aka fara fitarwa a 2013, banda tsoffi masu ƙaramin kai, banda wadda ta yage ko da kaɗan ne, banda wadda aka yi wa rubutu da biro ko aka buga mata ɗan hatimin nan da 'yan canji suke bugawa. Ya ware guda bakwai yasa aka canza min. Ni a raina ina ganin tsanani ne kawai irin na manya, ai dala dala ce. Guda biyu masu ɗan ƙaramin hatimi a gefe suka kuɓuce mana, zan dawo kansu.

Dala 4,500 na saya a hannu, sama da naira miliyan bakwai da rabi kenan. Dalilin da yasa ban cike dubu biyar ba, a Chana in kuɗin waje da ke jikinka ya haura dala 5,000 sai ka cike takardar kwastan ka bayyana, nan gida kuma iyakar dala 10,000 ce. Bayyanawa ba laifi bane, amma ban so dogon bayani da mutanen da bana jin yarensu a rana ta farko. Sai na zuba wata dala 3,000 a asusuna na dala mai kati, domin a lokacin katin naira ba ya aiki a waje, bankuna sun rufe wannan ƙofar tun wajen 2022. Ragowar jarin kuma na bar shi a naira a hannun ƙanena, na ce kar ya taɓa sai ya ji muryata, ba saƙon rubutu ba, murya.

Abu ɗaya da nayi daidai kuma har yau nake gode wa Allah da Alhaji a kai shine tun a Kano na buɗe Alipay, manhajar da ake biyan kuɗi da ita ta waya a Chana. Zaka sauke manhajar, ka sa lambar wayarka ta nan gida, su turo maka lambobi, sannan ka ɗauki hoton fasfo, ka nuna fuskarka a kyamara, sai ka jona katin dalarka Visa ko Mastercard. Bai fi minti ashirin ba in netwok na da kyau. WeChat kuma, manhajarsu ta hira da biyan kuɗi, sai da Alhaji ya tsaya min, don sabon shiga sau da yawa sai wani tsohon mai amfani da shi ya haska kod ɗinka, wato ɗan zanen nan da ake haskawa da kyamarar waya, ya tabbatar da kai. Yace ko ba don biyan kuɗi ba kana buƙatarsa, duk wani mai shago a can ta nan zai maka magana, kuma yana fassara saƙo. Na kuma je ofishin layina na sa aka buɗe min romin, don layin ya yi aiki a ƙasar waje. Dan Allah duk wanda zai je kar ya raina wannan, saboda lambar sirrin da bankinka zai turo in zaka biya kuɗi, kan layinka na gida zata zo, in layin a mace yake to kuɗinka ma a mace suke.

Ta Adis Ababa muka bi, muka sauka filin jirgin Bayun na birnin Gwanzu da yamma. Nan na canza dala ɗari kacal, farashin filin jirgi ba kyau, a gari dala tana kan yuwan bakwai da ɗan wani abu amma abin da aka miƙo min bai kai ɗari bakwai ba. Na dai karɓa don in samu na riƙewa. Kuɗinsu sunansa yuwan, 'yan kasuwarmu RMB suke cewa, su kuma masu ƙasar a baki kwai suke cewa, kwai goma, kwai hamsin. Babbar takardarsu ita ce ɗari, ja ce, hamsin koriya, goma shuɗiya, biyar ruwan malmo, dukkansu da hoton Mao. Wato in ka canza dala dubu zaka tashi da takarda saba'in da wani abu, aljihu ya kumbura. A lissafin da nake yi lokacin yuwan ɗaya wajen naira 235 ne, kuma da wannan lambar na kwana na tashi har na dawo.

Otal a Shawbei muka sauka, unguwar da 'yan Afirka suka fi yawa, in ka tsaya bakin titi minti biyar sai ka ji Hausa, ta Kano da ta Maraɗi da ta Kumasi, ga Faransanci ga Larabci. A otal bayan kuɗin ɗaki sun riƙe wani yuwan 200 na ajiya wanda zasu dawo maka da shi ranar fita, suka bani 'yar takarda. Alhaji yace ka sa takardar nan cikin fasfonka, in ta ɓata kuɗin sun zama rigima.

Washegari da safe na fara ganin abin da ake faɗa. Mun shiga gidan taliyar nan na musulmin Chana masu farar hula, kwano yuwan 15, na ciro jar ɗari na miƙa. Matar ta karɓa fa, ba ta ƙi ba, dama dokar ƙasar ta hana ƙin karɓar tsabar kuɗi, amma ta buɗe aljihun tebur babu canji, ta leƙa shagon kusa babu, har mijinta ya fito yana laluben aljihu. Kunya ta kama ni saboda na tsayar musu da aiki, sai na nuna mata wayata, ta yi murmushi ta nuna min takardar da ke manne a bango. Kod guda biyu ne kusan ko'ina, shuɗi na Alipay, kore na WeChat. Na haska, na rubuta 15, na sa lambar sirri, kafin in ɗago kai wata 'yar sifika a kan tebur ta yi magana da yarensu ta faɗi adadin da ya shiga. Shikenan. Wallahi sai da na tsaya ina kallon wayar. Ina tuna yadda muke tsayawa a shago muna jiran alat, mai saye yana rantsuwa ya tura, kai kana cewa bai shigo ba.

Biyan iri biyu ne. A ƙananan wurare kai zaka haska nasu ka rubuta kuɗin da hannunka, to nan a kula da sifili da ɗigo, a manyan kantuna kuma kai zaka buɗe naka kod ɗin su haska da na'ura su cire. Jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa ma haka, daga yuwan 2 yake farawa, akwai kod ɗin sufuri a cikin manhajar, ko ka sa takardar biyar ko goma a inji ya baka wani ɗan kwabon roba ka shiga da shi. Tasi kuwa Didi muke kira daga cikin Alipay ɗin, ka ga kuɗin tun kafin ka shiga, babu ciniki babu musu.

Sai dai akwai abin da ba kowa ke faɗa maka ba. Da katin waje, duk abin da bai wuce yuwan 200 ba babu ƙarin ko sisi, amma da ya haura 200 ana ɗora kashi 3 cikin ɗari a kan duka kuɗin. A abinci da mota ba zaka ji ba. A sari zaka ji. Kayan yuwan 5,000 ƙarin 150 ne, wajen naira dubu talatin da biyar, ribar jaka nawa kenan? Banda abin da bankinka zai ci nasa wajen juya yuwan zuwa dala. Kuma akwai iyaka, a 2024 ɗin suka ɗaga ta zuwa dala 5,000 a biya ɗaya, dala 50,000 a shekara. Sannan da katin waje ba zaka iya tura wa mutum kuɗi kai tsaye kamar taransfa ba, sayayya kawai, shi yasa wani lokaci zaka haska kod ɗin mai ɗan ƙaramin tebur ya ƙi wucewa don kod ɗin nasa na kansa ne ba na kasuwanci ba. Tun rana ta biyu na raba abin a kaina, waya ta ci da sha da zirga-zirga ce, sari kuma da wata hanyar.

Kwana na uku muka nufi Sanyuwanli, can ne duniyar jaka da kayan fata, gine-gine hawa hawa kowanne cike da shaguna. Na samu wata mata mai samfurin da na san zai tafi a Kano lokacin bukukuwan ƙarshen shekara, muka zauna da kalkuleta, ta rubuta ta miƙo, in goge in rubuta in miƙa. Ciniki a can duk da kalkuleta ne. Wani abu da ya kusa rikita ni, da muka haɗa jimla sai naji tana cewa wan, wan, na ɗauka ɗaya take nufi da Turanci, ashe a yarensu wan dubu goma ne, su da dubu goma goma suke ƙirga manyan kuɗi. Tun daga nan duk abin da aka faɗa da baki sai na ce a rubuta, kuma in tambaya RMB ne ko dala, na guda ɗaya ne ko na dozin.

Muka daidaita a kan yuwan 24,000, kafin alƙalami kashi 30, wato 7,200, ciko sai kaya sun haɗu. Tsabar da ke jikina ba ta kai ba, na ce bari in runtse ido in biya da waya ko da ƙarin kashi ukun. Na haska, ya ƙi. Na sake, ya ƙi. Sai ga saƙo daga bankina cewa an dakatar da katin saboda sun ga hada-hadar da ba su saba gani ba. Ƙarfe sha ɗaya na safe ne a Gwanzu, a gida ƙarfe huɗu na asuba, Chana tana gabanmu da awa bakwai, babu wanda zan kira ya ɗauka. Gabana ya faɗi sosai, ba don kayan kaɗai ba, na tuna ko kuɗin komawa otal a wayar suke. Alhaji ya kalle ni yace kwantar da hankalinka ƙanena, ya ciro yuwan dubu uku daga jakarsa ya ara min, na haɗa da abin da ke hannuna muka ba ta rabin kafin alƙalamin, ta rubuta rasit ta buga jan hatiminta, muka yi da ita zan kawo sauran gobe. Sai ƙarfe huɗu na yamma agogon can na samu mai kula da asusuna, ta buɗe katin, tace da na sanar da su zan yi tafiya kafin in tashi da hakan bai faru ba. Ban taɓa jin ana yin haka ba sai ranar.

Da safe na tafi banki da dalata da fasfo. A ɗauki lamba, a zauna, a cike fom, a kwafi fasfo da biza, a tambayi otal ɗin da ka sauka. Awa ɗaya da rabi na yi. Ma'aikaciyar ta sa kuɗin a inji sau biyu, sannan ta bi su da ido ɗaya ɗaya, ta turo min guda biyu ta ƙasan gilashi tana girgiza kai. Masu hatimin nan ne. Dala ɗari biyu, lafiyarsu ƙalau, amma a wurin sun zama takarda, haka na dawo da su Kano. Sauran ta canza min a farashi mai kyau, nesa ba kusa ba da na filin jirgi, ta bani rasit, wanda shi ake nema in kana so ka mayar da ragowar yuwan dala in zaka fita. ATM ma na gwada sau ɗaya, yana karɓar katin waje, yuwan 3,000 ya bani a cira ɗaya, lambar sirrinsu shida ce amma na sa tawa huɗu ta wuce, sai dai cajin da na gani daga baya yasa ban kuma ba.

Yanzu ga wurin da nake so mutane su buɗe kunne. A Shawbei zaka ga masu canjin bakin titi, suna maka magana ƙasa ƙasa, farashinsu ya ɗan fi na banki kuma babu layi babu fom. Sannan wayarka zata cika da lambobin masu cewa turo naira a baka RMB cikin minti biyar, wasu 'yan uwanmu ne ma, da Hausa zasu maka magana har da ɗan uwa rabin jiki. Canji a wajen wuraren da hukuma ta yarda laifi ne a dokar ƙasar, wannan ɗaya kenan, ga jabun kuɗi, amma abin da yafi bani tsoro shine wanda naji daga bakin matar nan mai jaka. Da lokacin ciko ya zo na ce mata wani zai turo mata ta asusu, nan take fuskarta ta canza, ta rubuta a waya ta fassara min: waye zai turo, daga wane asusu? Tace an taɓa rufe mata asusu na tsawon watanni saboda wani mai saye ya biya ta hannun ɗan canji, ashe kuɗin da aka turo mata sun bi ta hannun 'yan damfara, 'yan sanda suna bin sawun kuɗin suka daskarar da duk asusun da suka taɓa. Ita ba ta ci ba ba ta sha ba. Kuma in hakan ta faru kai mai saye kayanka ba zasu fita ba, nairarka kuma ta riga ta tafi.

Akwai yarjejeniyar musayar kuɗi da Babban Bankin Najeriya ya ƙulla da na Chana tun 2018, ta yuwan biliyan 15, don 'yan kasuwa su rinƙa biya da yuwan ba sai sun bi ta dala ba, amma wannan ta banki ake bi da Form M, fom ɗin shigo da kaya, da sauran takardu, mai katan goma sha ɗaya irina da yake tsaye a shago mai kaya na jiransa ba ta nan yake samun mafita ba. Abin yana min ciwo gaskiya, domin ƙananan 'yan kasuwa mu ne muka fi yawa a jiragen nan, kuma mu ne aka bari da laluben hanya.

Abin da nayi shine na bi ta kamfanin kago, masu jigilar kaya, da Alhaji ya shekara goma yana hulɗa da su, suna da ofis a Kano suna da sito a Gwanzu, matar ma ta san su ta yarda da asusunsu. Duk da haka ban tura gaba ɗaya ba. Na kira ƙanena da murya nace ya kai musu nairar yuwan dubu ɗaya tukunna a Kano su tura wa matar, ina tsaye a shagon har ta duba ta ce ya shiga, sannan aka tura sauran, ban motsa ba sai da ta nuna min a wayarta ta sake buga hatimi a rasit ta rubuta an gama biya. Hoton taransfa da wani zai turo maka ba shaida bane, shaida ita ce mai kaya ya ce ya gani. Dama malamanmu suna faɗa cewa canjin kuɗi da kuɗi hannu da hannu ake yinsa, kar a rabu da bashi a tsakani, ranar na ga amfanin hakan da idona. Kuma ban biya cikon ba sai da na buɗe katan huɗu cikin goma sha ɗaya na ƙirga, na ja zif, na duba launi, na samu dozin guda an sa baƙi maimakon ruwan ƙasa aka canza a take. Da na riga na biya da sai dai roƙo.

Ranar Juma'a muka je masallacin da ke wajen kabarin da mutanen can suke dangantawa da Sahabi Sa'adu bin Abi Waƙƙas, jama'a maƙil, Larabawa, 'yan Pakistan, mutanenmu, musulmin ƙasar, a waje kuma kasuwar abinci ta ci, gurasa da tsire da 'ya'yan itace. Ko a nan mai tsire kod ne rataye a gabansa. Ina cikin haka na ga cajin wayata saura kashi huɗu, taswira da fassara sun cinye shi. Akwai akwatunan fawa bank na haya a kusan kowane shago, amma su ma sai ka haska da waya mai rai kafin su saki. Na yi sauri na ɗauki ɗaya kafin ta mutu. Daga ranar kullum da nawa fawa bank ɗin nake fita, da 'yan goma goma da ashirin ashirin na kamar yuwan ɗari biyu a aljihun gaba, da sunan otal a rubuce da rubutunsu.

Kwana goma sha biyu nayi. Duk dare kafin in kwanta sai na zauna da ƙaramin littafi in rubuta abin da ya fita, na waya daban, na hannu daban, kowanne in buga shi da 235 in ga nairarsa, saboda biya da waya baya sa ka ji kuɗi na fita, yuwan talatin nan arba'in can, sai ka duba ka ga ka kashe na buhun shinkafa a shayi da tasi. Kuɗin Alhaji na mayar masa tun ranar da na fito daga banki. Ranar fita na miƙa 'yar takardar nan aka bani ɗari biyuna, na haɗa da ragowar ya zama yuwan 640, ban mayar da su dala ba, na sa a ambulan tare da rasitan banki don tafiya ta gaba in Allah ya kaimu.

Lissafin bai rufe ba sai da kaya suka iso, don kuɗin kago da dala ake yanka shi amma da naira zaka biya a Kano a farashin ranar da ka je ɗauka, ba na ranar da ka ba da kaya ba. Na ware masa kuɗi tun kafin in tafi, da na je sai da na cika dubu arba'in da 'yan kai. Dala ɗari biyun nan masu hatimi su na kai Wapa na canza na cika, aka karɓe su ba tare da an ko ɗaga su sama ba, na ɗauki katan goma sha ɗaya a bayan a-kori-kura zuwa shago.